Dabino a Jakar Taubashi

Ka ce kana shirin bin kogin Danub da keke, Malam Nafi'u, kana neman abokin tafiya. To, ka tafi da kowa, ko kura ce in ta iya taka feda, amma ban da taubashinka. Tun da aka fara zalunci a duniya ban ji irin wanda wani taubashi ya yi wa wani bawan Allah a bakin kogin nan a bazarar da ta wuce ba. Bawan Allah kuwa mutum ne mai kwarjini, dogo, ga furfura daidai misali, hula na zama a kansa kamar tare aka halicce su. Daina kallona haka, misali nake ba ka.

Su biyu suka tashi daga wani gari a Jamus, shi da ɗan kawunsa, suna bin ruwa zuwa Ostiriya, kowa da jakunkunansa rataye a bayan keke. Hanya lafiyayya, babu mota babu rami, sai gonakin inabi a kan tudu da jiragen ruwa masu dakon kaya. Tafiya na daɗi, har ranar da wata tsohuwar Baturiya wadda ta isa ta haife shi ta kaɗa masa ƙararrawa ta wuce shi kamar an kafe shi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi nazari, ya gano laifin kaya ne, don ƙafafunsa ba su da aibu. Washegari da taubashin ya tafi sayen burodi, sai ya kwashe famfo da kayan faci da rigar ruwa da abin cajin waya, har da ƙullin dabinon da yake riƙewa saboda ciwon suga, ya cusa su can ƙasan jakar ɗan'uwansa, ya rufe da tawul. Ai wasan taubasai gado ne, ba shi ya fara ba. Ya hau keke sakayau, ya ba wandonsa iska.

Kogin yana da hanyar keke a kowace gaɓa, sun kuwa yi da juna cewa in sun kai gada za su ƙetare, don masaukinsu yana wancan hayin. Mutumin ya iso gadar yana ɗaukar kansa hoto da hannu ɗaya don mutanen gida su ga har yanzu da sauransa, ya wuce ta bai ko gan ta ba. Sai da ya yi nisa cikin wani kurmi, inda babu gida babu rumfa, sannan ƙusa ta sami tayar baya. Ya lalubi jaka, babu famfo. Ya ciro waya, hotuna sun cinye cajin. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, masu keke duk suka ɓace kamar an share su. Ana haka suga ya fara sauka. Zufa mai sanyi na karyo masa cikin ruwan sama, kogi ɗaya ya zama biyu a idonsa. Ya jingina da wata bishiya yana jero salati, a tsakanin salati kuma yana tsine wa nawar taubashi, wai wane irin mutum ne zai riƙe wa mara lafiya dabinonsa.

Shi kuwa taubashin tuni ya ƙetare gada, yana ta mamakin yadda keke ya koma kamar ya ɗauko buhun masara. Da ruwa ya fara, ya tsaya ciro rigarsa, sai hannunsa ya ci karo da ƙullin dabino. Ya san mai shi ko masallaci ba ya zuwa babu shi a aljihu. Ya dubi hanya bai ga kowa ba, ya tambayi wasu masu tahowa ko sun haɗu da wani dogon baƙin mutum mai hula, suka ce a'a. Ga rufin masauki yana hangowa, ga cinyoyi sun gaji da kayan mutum biyu. Ya juya kan keke ya koma gada, ya sake ƙetarewa, ya bi ɗaya gaɓar cikin ruwa da iska yana kiran suna. Da ya same shi, abin da ya ce kawai shi ne, "Bawana, buɗe baki." Ya ba shi dabino har ido ya washe, ya rufa masa rigar ruwa, ya durƙusa cikin taɓo ya liƙe taya.

Ga zaluncin da nake gaya maka. Mutumin ya shirya amsa iri-iri yana jiran gori, gori bai zo ba. Da aka tambayi taubashin a gida yaya tafiya, cewa ya yi, "Ai Alhaji ya fi ni gudu." Sai dai tun da muka dawo, kowace Juma'a zai aiko mini da ɗan ƙullin dabino, babu wasiƙa babu saƙon baki. Ka gaya mini, da me ake rama wannan?

Na ji, na ce "muka". Hannun nan da kake gani shi ya cusa kayan, shi ya rufe da tawul. Dabinon kuma ina ci, ina sa wa mai aikowa albarka da shi da zuriyarsa, amma in ka gaya masa zan ƙaryata ka. Na gode wa Allah da ramin bai fi ƙarfin hannun ɗan kawuna ba. Ka tafi da taubashin naka in ka same shi, ka kuma ɗauki kayanka da kanka, don masu iya magana sun ce: in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere.