Tallan Juma'a

Ranar Juma'ar da tallan matarsa bai fita ba, ranar ce ta mutu masa da gaske.

Kafin ciwo ya kwantar da ita, ta jera tallace-tallacen shagonta na turaren wuta a wata manhaja, kowace Juma'a ɗaya ya fita. Shi da ya tsufa cikin littattafai, "wasan waya" yake kiran abin. Amma tun rasuwarta bai tsallake ko ɗaya ba.

Ya ɗora tabarau ya bi diddigi. Ashe shafin shagon aka dakatar, sai an tura bidiyon da ke nuna shagon yana buɗe.

Ya ɗauki makulli, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ba. Ƙamshinta ya tare shi. Yana cikin ɗaukar bidiyon wata mata ta leƙo.

"Malam, an buɗe? Tun daga Kawaji nake zuwa ina tarar da kwaɗo. Babu mai haɗi irin nata."

"Ga ki a ciki, Hajiya."

Juma'a ta zagayo, tallan ya fita. Ya karanta shi a tsaye bayan kantar shagon, sannan ya furta abin da bai taɓa gaya mata ba:

"Wallahi kin iya."