Dandamalin Da Ya Ƙi Bushewa

"Yau ma ba zai yiwu ba," in ji Baba Tsuruta kafinta, yana shafa dandamalin katakon bayan gidana. "Da danshi. Man katako ba zai kama ba."

Kwana biyar ke nan yana komawa da gwangwanin man a rufe. Ranar farko cewa ya yi rana ta gasa katakon, man zai bushe tun bai ratsa ba. Daga nan kullum sai danshi. Ga iyayen saurayin 'yata za su zo jibi, a nan za mu sha shayi.

Na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo.

"Wane irin danshi, Baba? Mako biyu ko yayyafi ba a yi a garin nan na Tajimi ba! In tsufa ne, ka faɗa. Ni da ba sana'ata ba, kullum da asuba sai na kwara wa katakon ruwa bokiti biyu don ya huce maka!"

Matata ta rufe fuska.

Tsohon ya rusuna.

"Ina ganin bokitin, maigida. Hanyar faɗa maka nake ta nema, wadda ba za ka ji kunya ba."