Bututun da Ya Toshe

Likitar ta daɗe tana laluben bugun jini a ƙafar tsohon mai gyaran famfon, ba ta samu ba. Yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi ƙalau.

"Baba, zuciya ce ke turo jini ta jijiyoyi, kamar yadda inji ke turo ruwa a bututu. Ciwon suga ya toshe na ƙafarka."

Ya dubi 'yarsa da ke gefen gadon yana dariya. "Ashe aikina ne! A buɗe bututun mana."

"Mun gwada, ya ƙi. Ku idan bututu ya ruɓe, yana neman lalata sauran fa?"

"Ai yanke shi muke..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka kan takalmansa biyu, a jere ƙarƙashin gadon.