Hutun Dole

Likita bai gama matsa damtsen tsohuwar ba, ɗanta ya hau faɗa.

"Kana nufin da yunwa nake barin ta? Tambayi duk Samaru, wa ya kai ni kula da uwa!"

"Ban ce haka ba, Malam. Tsufa na cin tsoka, zama kuma na taya shi. Me take yi da rana?"

"Hutawa mana!"

Tsohuwar ta galla wa ɗan nata harara. Shekara arba'in ta yi tana kirɓa sakwara a kasuwar Sabon Gari. Ranar da ya zama lakcara ya zo ya kwashe ta, wai kada a ce uwar malamin jami'a na daka. Ya kyautar da turminta, ya hana ta ko shara. Coci ma sai a mota. Nama ya ce ya fi ƙarfin haƙoranta, kullum koko da shayi. Shekara uku tana kan kujera, yau ko tashi sai an ɗaga ta.

Ya durƙusa gabanta. "Mama, gaya masa. Na taɓa barin ki ki ɗaga ko tsinke?"

Ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɗaga hannu za ta kwaɗa masa mari. Hannun ya gaza a hanya, ya sauka a kansa a hankali.

Ya lumshe ido. "Amin, Mama. Ka gani, likita? Albarka take sa mini."