Maganin Kunnen Mage

Wai mage ba ta yafe wa wanda ya ɗiga mata magani a kunne. Ni dai ban yarda ba, amma jikana ya tsorata, ya miƙo min kwalbar.

"Kaka, ke ɗiga. Dama ba ƙaunarki take ba."

"Ja'iri! To riƙe abarka."

Ya naɗe ta da tawul, ya danne. Na ɗiga, na murza gindin kunnen a hankali har ta lumshe ido. Haka kullum, har ƙaiƙayin ya tafi.

Yanzu ga shi durƙushe yana lallashinta da kan kifi, ita kuwa tana miƙa a cinyata.

Ba mai ɗigawa mage ke ƙullata ba. Mai dannewa take ƙullata.