Ƙarfen Matse Awara

Wayar injin yanka ƙarfe tana tartsatsi a cikin tankin ruwa, Pak Warsidi, wato Malam Warsidi, na tsaye a kanta, hannu a baya. Siririya ce kamar gashi, amma babu ƙarfen da ya gagare ta. Ba ta ma taɓa ƙarfen. Wutar lantarki ce ke cinye shi kaɗan-kaɗan, har faifai mai haƙora ya fito, irin wanda ke juya inji. A unguwar maƙera ta garin Tegal shi kaɗai ke da wannan injin, a ɗakin da da can falon matarsa ne. Sauran maƙeran, masu bugu da ƙara, bai ɗauke su a bakin komai ba.

Haji Marzuki mai haɗa injinan kankare kwakwa a wurinsa yake sayen faifan. Cinikin nan ne ke riƙe da gidan. Shi ne kuma ya sa Warsidi ba ya fara gaida kowa.

Ran nan Tarminah ta shigo, matar ƙaninsa marigayi. Tun rasuwar mijin take soya awara a bakin titi. Abin da ya bar mata tsohon inji ne na buga cokula daga fallen ƙarfe, yana can a zaure yana tsatsa. Ta taɓa roƙon Warsidi ya ɗan yaga mata wani abu daga aikin Haji. Ya ce mata injin cokali da mace duk ɗaya ne, hayaniya kawai suka iya.

Ta kwance tsumma, ta ajiye wani curin ƙarfe a teburinsa.

"Mas, yayana, faifai ɗaya nake so. Irin na Pak Haji sak."

Ya ɗaga ya ji nauyi. Ƙarfe ne mai tauri, kaurinsa ya kai yatsa uku.

"Wane inji zai ɗauki wannan? Na Haji ai bai fi kaurin biskit ba."

"Awara zan riƙa matsewa da shi. Haƙoran su fito a jiki, yara su yi sha'awa."

Ya yi dariya har hayaƙin tabar kanumfarinsa ya sarƙe shi.

"Ƙarfen da marigayi ya ɓoye kamar zinariya! Ashe a kan waken suya zai ƙare."

"Don Allah dai kada ka tsaga shi daga gefe, Mas. A kan ragowar zan riƙa ɗora tukunya."

"Har da murhu? To, madalla."

Ya yi mata, don ya samu abin faɗa. Ya yi 'yar huda, ya zura wayar da ta fi siranta, ya bar ta tana zagaya haƙoran. Da aka gama, faifan yana fita daga cikin curin ya koma ya zauna daram, ko numfashi ba ya wucewa tsakaninsu. Ya tura mata ragowar da ƙafa. Bai karɓi komai ba. A rumfar mai shayi ya ci ribarsa: kowa ya ji labarin matar da ta yi murhu da ƙarfen inji.

Damina ta wuce. Haji ya rage aikin da yake aikowa. Daga baya ya daina aike. Wayar ta tsaya, ruwan tankin ya yi kore.

Warsidi ya sa rigarsa ta zuwa biki ya tafi. Haji ya ba shi shayi, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya ɗebo faifai cikin hannu daga wani bokiti ya zube a tebur.

"Bokiti-bokiti ake kawo mini, Pak, kafin wayarka ta gama guda. Ni ma ina da iyali."

Warsidi ya juya ɗaya yana neman aibu. Gefen da ɗan kaushi. Amma haƙoran daidai suke, babu maƙerin Tegal da zai iya fitar da irinsu.

"Kayan birnin Surabaya ne ko?"

"Sha shayinka, Pak."

A ƙofa ya ga mai keken dako yana loda bokitai marasa komai. Ya bi shi daga nesa, yana da tabbacin tashar manyan motoci za su ƙare. Zai ga ko wane kamfani ne, ya san ƙarar wa zai kai.

Keken bai nufi tasha ba. Ya karya kwana ya shiga wani lungu da Warsidi ya sani, wanda rabonsa da shi tun ranar jana'iza. Babu ƙanshin mai, babu kasko a bakin titi. Sai wani duka daga cikin zaure, dim, dim, har ƙasa na amsawa.

Ya leƙa. Tarminah ce zaune gaban tsohon injin cokali, tana tura fallen ƙarfe, ƙafarta a kan matakin injin. Ta ɗago ta gan shi, ba ta ɗauke ƙafar ba.

Ƙarfen matse awara ne ɗaure a saman injin, murhun tukunya a ƙasa, kuma duk sanda ɗaya ya faɗa cikin ɗayan ya datse fallen, faifan Haji ne ke faɗowa cikin bokiti.