Jiƙon Gorubar Furera

Babu Furera a gidan Malam Babaji yanzu, kuma tun da ta rasu jiƙon goruba ya daina yi masa aiki.

Babaji 'ya'yan itatuwa yake sayarwa a Ƙofar Guga: goruba, kanya, ɗinya, aduwa, duk abin da mutanen ƙauye suka shigo da shi. Shekarun baya likita ya auna shi da matarsa Furera, ya ce dukansu suna da hawan jini. Babaji ya rantse ƙwayar asibiti ba za ta shiga cikinsa ba, ga goruba Allah ya hore masa. Furera ta yi magiya har ta gaji, ta ci gaba da zuwa karɓo nata maganin ita kaɗai.

Kullum da safe takan daka masa goruba ta jiƙa, ta tsaya a kansa sai ya shanye. In ya ce da ɗan ɗaci, ta ce ɓawon ne. Ciwon kai ya tafi, jiri ya tafi. Duk wanda ya tsaya a teburinsa sai ya sha bayani: goruba na wanke jini, tana kwantar da zuciya, ga shi nan shaida. A gida kuma yakan tsokane ta, wai mai ƙwayar Bature kullum kai a ɗaure, mai goruba kuwa garau. Dariya kawai take yi.

Wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan addu'ar bakwai ya fara jiƙa wa kansa. Kansa ya koma sarawa. Ya canza goruba, ya ƙara yawanta, ya haɗa da aduwa, duk a banza. Da hannunsa na hagu ya fara nauyi, sai ya aika a kira 'yarsu Madina daga gidan mijinta a Ƙofar Sauri.

"Ke a gabanta kika tashi. Me take sawa wanda ban sani ba?"

Madina ta ce Inna ta sa ta yi alkawari, amma yanzu ba wanda shirun zai amfana. Ta gaya masa. Babaji ya buɗe baki, ya rasa wanda zai ba haƙuri.

Jama'a, ku taya shi roƙa wa Furera rahamar Allah, baiwar Allah da asibiti ke ba maganin mutum ɗaya, ta riƙa daka shi cikin gorubar mijinta, ita kuma ta haɗiye ruwa zalla a gabansa kamar maganin ta sha.